Allurar Baba Tsoho

A gidanmu na Yindiski tatsuniya ba ta taɓa tafiya tiryan-tiryan ba, kullum sai an katse ta. Bayan sallar isha'i mukan kewaye murhun Kaka, wutar tana cin sauran itacen da aka dafa tuwo. In Allah ya sa akwai lantarki, kakanmu namiji, wanda muke kira Baba Tsoho, yana can ƙofar ɗakinsa a kan tabarma da akwatinsa a gaba.

Mai gyaran rediyo ne tun zamanin manyan rediyoyin katako masu kwalabe a ciki, irin waɗanda sai sun yi ɗumi kafin su yi magana. Akwatin nan kuwa na gwada kwalaben ne. Yana da ramuka iri-iri da maɓallan murɗawa, da wata 'yar taga mai allura. Ka soka kwalba a ramin da ya dace da ƙafafunta, ka murɗa, ka jira ta yi zafi, sannan ka danna. In allura ta hau kore, kwalba na da rai. In ta tsaya a ja, ta gama aiki.

Lokacin da na yi wayo idanunsa sun riga sun tafi, sana'ar ma ta tafi. Kowa ya koma ƙaramar rediyo mai batir, har Fulanin da ke kawo shanu kasuwa suna rataye da tasu. Amma shi kullum yana tace kwalabensa, kwali guda cike, wai ranar da mutane za su gaji da rediyon wasan yara su dawo, su same shi a shirye. Hannunsa ya san kowane rami da kowane maɓalli. Allurar kaɗai ta gagare shi, ita ce aikin Kaka.

Sai ta fara tatsuniya, "To, ga ta ta iso ƙofa." Mu ce, "A buɗe mata!" Ba ta yi nisa ba sai a ji muryarsa, "Uwar Sale, allura?" Ta miƙe tana riƙe da ƙugu tana mita, "Kai, wannan tsoho ba zai bar ni da angwayena ba." Ta leƙa, ta ce, "Kore, Malam." Ya yi murmushi ya ajiye kwalbar a dama. Ranar da kore ya yi yawa har ƙarin tuwo yake nema.

Mu yara mun san abin da bai sani ba. Allurar ta daɗe da mutuwa, tana kwance a gefe, ko girgiza akwatin aka yi ba ta motsi. Kwalba dai tana ɗaukar zafi, yana ji a yatsunsa, shi ya sa bai yi shakka ba. Kaka ta tara mu a bayan rumbu ta ce duk wanda ya faɗa, ba ita ba shi. Ta ce, "Akwatin nan ne ke fito da shi daga ɗaki. Kun ji ni ko?" Da Hausarta mai gardin Bolanci ta faɗa, kuma ba mu taɓa ganin fuskarta haka ba.

A cikin tatsuniyoyinta akwai wadda ta fi maimaitawa a shekarar da allurar ta mutu. Wai wani makahon masunci ne, kifin tafkinsu ya ƙare kaf, kowa ya watse, shi bai sani ba. Kullum da sassafe yana zuwa ya jefa ƙugiya. Matarsa sai ta kai geronta ƙauyen gaba ta musanya da kifi, ta lallaɓa cikin ruwa ta maƙala masa, ta ɗan ja zaren. Ya fizgo yana ihu, "Na kama!" Mu yi ta dariya, domin Kaka takan kwaikwayi matar tana tafiya cikin ruwa kamar agwagwa. Amma ba ta taɓa kai ta ƙarshe ba. In mun matsa, ta ce barci ya zo, ko a kira ta duba allura.

Ranar da abin ya faru, tana daidai inda matar ta shiga ruwa, Baba Tsoho ya sa hannu a aljihun rigarsa maimakon kwali, ya ciro wata kwalba naɗe da tsumma. Daga baya Kawu Sale ya bayyana mini ita. Tsofaffin masu gyara sukan ajiye kwalba ɗaya da suka tabbata ta mutu, mai ɗaukar zafi kamar lafiyayya amma ba ƙarfi, don su gwada gaskiyar akwatin kansa. Da ita ma ya je lokacin da zai sayi akwatin a hannun wani ɗan kudu, bai yarda ba sai da ya ga allura ta tsaya a ja.

Ya soka ta, ya jira, ya danna.

"Uwar Sale, allura?"

Ta leƙa. "Kore, Malam. Har can ƙarshe."

Bai ajiye ta a dama ba. Ya daɗe yana juya ta a tafin hannu, sannan ya ce a hankali, "Tun yaushe?"

Bai jira amsarta ba. Ya laluba ya kashe akwatin, ya rufe murfin, ya ce, "Je ki ƙarasa wa yara. Ki gaya musu masuncin ya gode, amma matar ta fito daga ruwan haka nan, ta sha sanyi." Ya tashi ya shiga ɗaki ba tare da ya nemi a kama masa hannu ba.

Bai sake fitowa tabarmar nan ba. Ba faɗa, ba fushi, abinci ma yana taɓawa don kada ta damu. Kafin a cire gero aka yi masa sallar jana'iza a ƙofar gida. Kaka ta ci gaba da hura wutarta, amma tatsuniya ta ƙare a gidanmu.

Na girma ina auna abin. Wani lokaci in ce ta yi daidai, ta ƙara masa watanni yana jin shi mutum ne mai aiki. Wani lokaci in ce da ta gaya masa tun ranar farko, da wataƙila an sami mai gyara allurar, ko ya yi baƙin cikinsa da sauran ƙarfinsa. Ban gama rabewa ba har yanzu da nake da furfura.

Sau ɗaya na tambaye ta, tana kwance a ciwonta na ƙarshe. Na ce, "Kaka, kin yi nadamar ɓoye masa?" Ta kalle ni kamar na yi tambayar wauta.

"Ɓoyewa? A'a, angona. Ranar ce kawai. Na so in ce ja, har ya zo bakina. Sai na tuna tun safe bai ci komai ba."