Zafin Kujerar Kawu

Ina aji biyar a sakandare kawuna ya sayo ƴar ƙaramar jif daga Kwatano, ya shigo da ita Bagudo. Mota ce mai tsawon ƙafa, ramukan hanyar Lafagu ba sa damun ta, cikinta kuwa sanyi kamar randa. Ni ya miƙa wa littafin motar, tunda ni ne mai karatun gidan, na kuwa karance shi tas.

Bayan mako guda Kawu ya fara mutsu-mutsu a bakin sitiyari. Na ji yana raɗa wa abokinsa cewa da ya zauna sai mazaunansa su ɗau zafi kamar an aza shi bisa tanda.

Abokin ya ce, "Alhaji, wanga ai basir ne."

Aka kawo masa jiƙo mai ɗaci daga wurin wani mai magani a Lafagu, aka hana shi yaji da tsire.

Ni na san ciwon, yana shafi na arba'in na littafin motar. Don ƙasar sanyi aka ƙera motar, kujerar direba tana da abin ɗumamawa, wani kuma ya kunna shi. Amma da wane baki ɗan ƙanwa zai yi wa kawunsa zancen mazaunai? Kwana tara ina shirya maganar, na kasa furtawa. Da na ji ana batun kiran wanzami ya yanke basir ɗin, sai na roƙi a bar ni in wanke motar, na kashe maɓallin.

Washegari Kawu ya dawo daga Lafagu yana fara'a. Ya ce, "Malam ƙarami, mai jiƙon nan gwani ne!"

Na sunkuyar da kai na ce, "Gwani ne, Kawu."