Ranar da Na Bi Inuwata Gidan Maƙwabta

Ko tsufa ya kwashe mini komai, ba na jin zai kwashe ranar da na tsallaka shingen wata Baturiya ina bin inuwata.

Shekarata ta farko ce a Manchester, ina karatu, ina zaune a wani ɗan flat na haya a unguwar Rusholme. Tun ina yaro malaminmu ya koya mini gane lokacin salla da inuwa: ka tsaya, ka lura da inda kanta ya kai, ka auna da tafin ƙafa. Har ƙa'idar na rubuto da ajami a bangon littafina. Takardar lokutan salla da ake rabawa a masallaci kuwa, ina bin ta ne don an yi makonni ba a ga rana ba, amma zuciyata ba ta yarda da ita ba.

Da hutun Kirsimeti ya zo, wani likita ɗan garinmu ya gayyace ni gidansa a Lozells, can Birmingham. Duk shekara yakan tara jama'a a ci tuwo, murnar yini ya gama gajarcewa zai fara tsawo. Mu shida muka yi alwala, aka ce in ja Azahar. Sai ga rana ta leƙo.

Na ce, "Ku dakata, lokaci bai yi ba. Ku dubi inda take, ai hantsi ne."

Dakta ya ce, "Malam, a nan fa iyakar hawanta ke nan. Ga timetable na masallaci, saura kaɗan La'asar ta shiga. Please ka ja mu."

Na ce sai na auna. Na fita filin da ke bayan gidan da safa, ƙasa kamar ƙanƙara. Inuwata ta miƙe zaƙaƙam, ta haura shinge, kanta ya sauka a kan wani jan tsoho na roba mai farin gemu da maƙwabta suka hura wa iska. Shi na riƙe alama. Na fara jera ƙafa, dunduniya a bakin yatsa, ina ƙirgawa da ƙarfi. A sha biyu na iso shinge. Mai hankali a nan zai juya. Ni na tattare babbar riga na tsallaka.

Matar gidan ta fito da hular takarda ta bikin Kirsimeti a kanta, ta tambaye ni ko lafiya. Na ce mata rana nake aunawa. Ta ƙwala wa baƙinta kira, wai ga wani ya zo da al'adar ƙasarsu ta tarbar rana! Kafin in yi bayani sun jeru a bayana, kowa ya dafa kafaɗar na gabansa, suna jera ƙafa suna maimaita abin da na faɗa: "Ashirin da uku!" Wani dattijo har da ƙwalla. Ƙirga ta ɓace mini. Na koma shinge in sake, suka biyo ni da murna. Muna cikin zagaye na biyu gajimare ya rufe ranar.

Dakta ya leƙo ta saman shinge. "Malam liman, in an gama rawar, La'asar ta shiga tun ɗazu."

Na ja Azahar a makare, na ɗora La'asar, kunya kamar in nutse. Mutum biyar masu alwala na jawo wa makara, tuwon ma ya huce. Na roƙi gafarar Allah, na roƙi tasu. Baturiyar ta aiko da kek, da saƙon don Allah in dawo baɗi.

Abin da malaminmu ya koya mini gaskiya ne, amma a ƙarƙashin ranar garinmu ya koyar da shi. Tun daga nan, duk inda na sauka nakan tambayi waɗanda suka riga ni zama, in sun faɗa mini kuma in yi shiru in bi.