Jan Goro a Cikin Turken Ƙarfe

Shekarun da kuɗin mai ya hau kan ƙasarmu, jirage sun yi cincirindo a bakin tekun Legas, wani sai ya yi wata da watanni bai samu wurin sauke kaya ba. Gwamnati ta ce a gina sabuwar kwata inda jiragen kwantena za su riƙa jingina. Ni da ban taɓa ganin ruwan da ya fi tafkin garinmu ba sai da na yi gemu, ni aka turo Landan in duba turakun ƙarfen da za a kafa a gindin ruwa su ɗauki kwatar. Manyan bututu ne, mutum sai ya rarrafa a ciki. Aikina in duba walda, in auna kauri, in sa hannu a loda. In turke ya karye wata rana da mutane a kai, sunana ne a takarda.

Masana'antar tana Dagenham, bakin kogi. Manajan wani Bature ne mai yawan dariya, kuma tun ranar farko ban sake da shi ba. Mahaifina dillalin shanu ne, a kara na tashi, na san mai cika ka da fara'a kafin ya nuna maka saniya. Ga shayi, ga biskit, ga tambayar iyali, har rana ta kusa faɗuwa, don lokacin sanyi ne. Sannan aka kai ni gaban turaku goma sha biyu, sumul, ba abin kushewa. Sauran suna can baya cikin tamfol, wai wurin da santsi kada in faɗi.

Na sa hannu, amma raina bai kwanta ba. Mahaifina in ya taya sa, yakan goga masa tukar goro a cikin kunne don kada a musanya masa. Goro na bakina. Na yi kamar ina leƙen walda, na dangwala babban yatsa a cikin turaku uku.

Bayan mako biyu aka kira ni kashi na biyu. An sake lamba, an sake jeri. Na leƙa ciki, sai ga jan yatsana yana kallona. Wato masu kyaun goma sha biyu ne kawai, su ake nuna mini, na cikin tamfol ake lodawa. Raina ya ɓaci, amma na yi murmushi na ce kaina ke ciwo, zan dawo.

Mutum ɗaya na faɗa wa: shugabana a ofishinmu na Landan, ɗan garinmu, wanda nake kira Yaya. Kowace Lahadi a gidansa na Lewisham nake cin tuwo, goron ma matarsa ke ba ni. Ya saurare ni, ya yi dariya har da buga cinya.

"Kai ƙanena, goro? A London? Wallahi ɗan dillali ba ya tuba."

"Yaya, ba zan yi signing ba sai an buɗe tamfol."

"Kwantar da hankalinka. Kada ka yi mentioning ga kowa. Ni zan yi handling."

Na hau bas ranar da sanyin zuciya, ina cewa Allah ya ba ni babba.

Ranar Laraba na koma Dagenham. Manajan ya tare ni da dariyarsa, ya kai ni gaban turaku goma sha biyu. Na leƙa na farko, warin sabon fenti ya buge ni. Duka an wanke bakinsu ta ciki, an shafe, daidai inda hannu ke kaiwa. Sai Baturen ya miƙo mini kwalin alawa, ya ce ya ji an ce ina son abin taunawa. Ban taɓa cin goro a gabansa ya lura ba, a kumatu nake ɓoye shi.

Ban sa hannu ba. Kafin wata ya ƙare takarda ta zo, wai ana buƙatata a gida, wani ofishin gyaran kwalbati. Ban san wanda ya sa hannu bayana ba, ban kuma taɓa yarda na taka kwatar nan ba ko da aka gama ta.

Baturen ban riƙe shi a zuciya ba, ba abin da ya haɗa mu. Abin da ya ci ni, Yaya ne ya kai ni filin jirgi da motarsa. Shi ya ɗauki akwatina, ya yi mini addu'a doguwa, ya ce in gaida Inna. Da za mu rabu ya zura mini ƙunshin goro a aljihu, ya dafa kafaɗata. Na yi godiya, don haka aka koya mana. Har muka sauka Kano ina jin nauyinsa a ƙirjina, ban iya kwance shi ba.