Rijiyar da Ta Riƙe Numfashi

Da hantsi Inna ta daina numfashi, amma Yaya ya tare ƙofar ɗakin ya hana kowa ya ce ta rasu. Ban yi mamaki ba, aikinsa ne ya mayar da shi haka.

Tun yana saurayi yake aiki a rijiyar gas, can tsakiyar teku. A gida Sarkin Kunne muke ce masa, don ko famfo ne ya ɗauke sai ya manna kunne a jikin bututu. Wata rana ya zo mana da wani farin dunƙule a cikin kular ƙanƙara, duk yashi a jikinsa, yana ƙara kamar ana soya albasa. Ya sa a faranti ya ƙyasta masa ashana. Ƙanƙara ce da sanyinta, amma ta kama da wuta, ruwa na ɗiga ƙarƙashinta. Inna ta ja da baya tana salati.

"Inna, ba tsafi ba ne," in ji shi. "In muka zuƙo gas da ƙarfi, yashin ƙasan yakan ɗauki sanyi. Sai gas da ruwa su daskare a 'yan kafofin yashin, su toshe hanya. Rijiya ta yi tsit. Ba mutuwa ta yi ba, numfashi ta riƙe. Ɗumama ta ake yi, a jira."

Wani abokin aikinsa bai jira ba. Ya ga allurar awon ƙarfin gas a kwance, ya ɗauka babu komai a bututun, ya kwance shi. Ƙanƙarar ta fito masa kamar harsashi. Yaya ne ya ɗauko gawar, kuma daga ranar bai ƙara yarda da shiru ba.

To yau ga shi durƙushe gaban gado, ya jera kwalaben ruwan zafi a ƙafafun Inna, kunnensa a ƙirjinta. Haushi ya cika ni, ga kuma tausayi. Likita ya zo ya tafi. Kawu ya leƙo ya ce, "Haba, ka bar baiwar Allah ta huta mana." Yaya ko waiwayowa bai yi ba.

Na lallaɓa shi muka ɗaga ta mu gyara mata kwanciya. Sai wata doguwar iska ta fito daga bakinta, a hankali. Na san ragowar iska ce kawai.

Yaya ya dube ni, fuskarsa duk murna.

"Kin ji ko, Auta? Ta fara buɗewa. Ɗora wani ruwan."

Na je na ɗora.