Marinin da Ke Ƙasan Benenmu

Shekarun da kuɗin fetur ya fara ambaliya a gida, gwamnati ta turo maigidana kwas Landan, ya taho da ni. Muka kama ɗaki a saman bene a Dagenham. Masu gidan suna ƙasa, wani tsoho da ya yi ritaya daga kamfanin motoci, da matarsa. Ni dai ba na zuwa ko'ina, daga kicin sai taga. Turancina bai wuce na gaisuwa ba.

Wata Lahadi tsohon ya kira mu shan shayi, ya warware wata doguwar takarda da ta yi ja don tsufa, sunayen kakanninsa reshe bisa reshe. Maigidana na fassara mini. Ashe sunan da ke jikin ƙofarsu, wanda duk zuri'ar ke amsawa, ma'anarsa marini. Kakansu na farko a wani gari yake can arewacin ƙasar, bakin kogi, yana rina gashin tumaki, har mutane suka daina kiransa da komai sai sana'arsa. 'Ya'ya suka gada, jikoki suka taho da shi Landan neman aiki.

Na ce a raina, ikon Allah, ashe da marini muke zaune! A wurinmu ai ba a ce wa mutum marini sai yana da karofi, wato ramukan rini.

Sallah saura kwana shida, ga babbar rigar maigidan, shuɗiya, ita kaɗai ya zo da ita, ta koɗe a kafaɗa. Yana fita na naɗe ta na sauka. Na ce, "Baba," na nuna rigar, na nuna sunan ƙofa. Tsohon ya yi ja har kunne, matarsa kuwa dariya har da riƙe tebur. Amma ya karɓa.

Da maigidan ya dawo na faɗa masa, ina jiran yabo. Sai ya dafe kai.

"Ke! Mutumin nan ƙusoshin mota ya yi ta ɗaurewa duk rayuwarsa! Rabon gidansu da rini tun kafin a haifi kakan kakansa."

Na ce, "To, Malam, don me suke riƙe wa mutane suna?"

Kunya ta hana shi zuwa karɓowa. Kwana uku muna jin wari yana hawowa, da ƙarar tukunya, da faɗan tsohuwar. Ashe laburare tsohon ya je ya karanto, ya sayo garin rini a kanti, ya ƙwace tukunyar wankin matarsa.

Ranar jajibere ya hawo da kansa, yana haki, yana murmushi. Rigar ta rinu, wallahi ta rinu, har farin zaren aikin wuya bai tsira ba.

Maigidan ya sa ta ya tafi idi. Can wani Bakano abokinsa ya shafa hannun rigar ya ce, "A Landan ɗin nan ka samu marini?"

Ya ce, "Na gado ma kuwa. Hutu ne dai suka ɗan ɗauka mai tsawo."

Da ya dawo ya tuɓe, singiletinsa da wuyansa duk sun koma shuɗi. Kwana biyu yana naɗa mayafin sanyi a wuya kafin ya wuce ta ƙofar tsohon, don kada ya gani ransa ya ɓaci.