Ranar da Na Zauna Cikin Ramin Shara

Wata Juma'a ce a ƙarshen shekarar 2020, ina 'yar shekara goma sha biyu, na fara ganin kunkurun teku a rayuwata, kuma a mace na gan shi. Yana kwance a inda ruwa ke lasar yashi ya koma, girmansa bai wuce farantin shayi ba. Igiyar takunkumin fuska ta naɗe masa ƙafar gaba, ga bakin wata farar leda ya leƙo daga maƙogwaronsa. Na tsuguna na ja ta a hankali, ta yi ta fitowa har na iso ƙarshenta, na ga ƙulli. Irin ƙullin da muke yi wa ledar tuwo ne. Ba ni da shaidar cewa tamu ce, amma yatsuna sun san wannan ƙullin.

A unguwar Najma ta birnin Doha muke zaune a lokacin, cikin wani tsohon bene da Hausawa suka cika, 'yan Kano da 'yan Zariya da mutanen Zongon Kumasi. Watannin da korona ta rufe makarantu, rufin benen ne ya zama duniyarmu. A can muke shanya, a can muke tsintar shinkafa, muna gamawa mu zana 'yar gala-gala da gawayi tsakanin tankunan ruwa, ni da Balaraba, 'yar Alhaji Tanimu, dattijon gidan. Da aka buɗe bakin teku, sai ya zama duk bayan 'yan makonni a cika bas a tafi arewacin gari shan iska. Aikinmu mu 'yan mata shi ne ƙulla tuwo da alale a leda tun da safe. In an gama ci, maza su haƙa rami a cikin jiƙaƙƙen yashi, a zuba ledoji da robobin ruwa da takunkumai, a binne, a daddale da ƙafa. Tsabta ce a wurinsu, haka suka tashi suna yi da shara a gida. Mu mutanen tudu ne, babu wanda ya damu da cewa ruwan da ya ja baya da rana zai dawo da yamma ya tone abin da aka ɓoye.

Ranar da na ga kunkurun, da na dawo wurin tabarmi na tarar an gama haƙa ramin. Ban san abin da ya shiga kaina ba, ni da ko a aji ba na ɗaga murya. Na je na zauna a ciki da sabuwar abayata, na rungume gwiwoyina. Aka fara dariya, sannan dariyar ta mutu. Alhaji Tanimu ya tsaya a kaina da buhun shara a hannu, ya ce, "Yalla, maza tashi. Tekun ubanki ne?" Na ce ruwa zai kwashe. Ya juya wurin mahaifina ya ce, "Malam Sabi'u, bokon nan ya fara taɓa 'yarka." Mma Adiza, mutuniyar Kumasi mai dafa mana wake da shinkafa, ta tafa hannu ta ce ita dai ba ta taɓa ganin budurwar da ke gadin bola ba. Ban tashi ba sai da aka ba ni buhun. A kan cinyata na ɗauke shi har Doha, yana zubar da ruwan miya, kujerar gefena babu kowa.

Daga ranar sunana ya koma Uwar Kunkuru. In na hau rufi sai wasa ya tsaya. Yara suka riƙa ƙulla ledoji a igiyar shanyarmu, wata rana har na tarar da guda a cikin takalmin makarantata. Mahaifiyata ta daina samun sallama a matakala, ta roƙe ni in je in ba Alhaji haƙuri, na ƙi. Ni ma na tsane su, tsana mai nauyi wadda ban san zuciyata na iya ɗauka ba. Mahaifina, mai gyaran lantarki ne, bai taɓa ce mini na yi daidai ba. Sai dai wata rana muna kwasar shanya iska na fizgar zannuwa, ya ba ni labarin wasu tsibirai a ƙasashen sanyi inda mutanen gari suka haɗu suka kafa injinan iska masu dogayen fukafukai, wutar ta zama tasu su duka. Ya ce, "A can ba wanda zai tambaye ki ko na ubanki ne, don na kowa ne." Na daɗe ina zana waɗannan fukafukan a bayan littattafaina.

Da gasar kofin duniya ta zo Doha bayan shekara biyu, garin ya cika da tutoci da kaɗe-kaɗe, gidanmu ma ya ɗauka. Ranar da Ghana ta ci wasa, Mma Adiza ta sayo balan-balan masu tashi, ja da rawaya da kore, aka ɗaure su a ƙarfen rufi za a saki bayan magariba. Balaraba ce ta zo har ƙofarmu ta kira ni, karo na farko tun ranar ramin, ta ce in zo a manta da komai. Na hau da murna. Sai na ji iska a fuskata, kuma gabas take yi, wajen teku, inda balan-balan ɗin za su faɗa. Na roƙe su kada su saki, suka yi mini ihu. Na zare allurar mayafina na bi su ɗaya bayan ɗaya ina fasawa, ƙananan yara na kuka. Balaraba ta dube ni ta ce, "Khalas, shi ke nan, ki je kunkurun ya yi ƙawance da ke." Maganarta ta ƙarshe da ni ke nan.

Bayan gasar ayyuka suka ƙare, iyalai suka watse, su Balaraba suka koma Zariya ba mu yi sallama ba. Yanzu muna unguwar Al-Sadd, a benen da ba wanda ya san sunan maƙwabcinsa, rufin ma a kulle yake. Nakan je bakin teku ni kaɗai da buhuna, ba mai dariya, ba mai zagi. Ban yi nadamar allurar nan ba, ban kuma yafe tambayar Alhaji ba. Amma wani lokaci in na sunkuya zan ɗauki leda, sai in ga layin da sandar wani yaro ta ja a yashi, in tuna gawayin Balaraba. Tekun dai har yau ba na ubana ba ne, kuma har yau ina zuwa.