Kujerar tsakiya a zauren Isuhu

Da azumin da ya wuce Isuhu mai inji ya cika shekara huɗu a ƙasa. Ban yi niyyar rubuta komai a kansa ba, don shi ba mutumin jarida ba ne, in ya samu jarida sai dai ya naɗe tsire da ita. Amma bana matarsa Hajo ta kawo mini wata buƙata, na kasa biya mata, abin ya tsaya mini a rai. Shi ya sa na ɗauki biro.

Isuhu taubashina ne, ɗan ƙanwar mahaifina, saboda haka tun muna yara ba mu taɓa gaisawa ba sai da tsiya a ciki. Injin niƙa gare shi a bayan kasuwar Ƙonni, matan Bazaga na kawo masa hatsi a amalanken jaki. Ƙarar injin nan ce ta cinye masa kunnen hagu sannu a hankali, har ta kai in ka tsaya masa ta hagu kana iya zaginsa son ranka yana yi maka murmushi. Na ci moriyar wannan ƙwarai. Amma duk da kunne ɗaya, ban ga mai son kiɗa kamarsa ba. Da la'asar in ya kashe inji ya wanke garin da ke gashin idonsa, zaurensa ne fadarmu: shayi a kan gawayi, kaset na juyawa, kowa na faɗin abin da bai sani ba.

A farkon shekarun dubu biyu akwai wata mawaƙiyar waje da kaset ɗinta ya cika ko'ina. Taksin Malbaza shi ne, shagon aski shi ne, ko ba ka so sai ka haddace. Ba wanda ya san abin da take cewa a cikinmu, hakan kuwa bai hana mu yin gardama a kan ma'anar ba. To, sai wani ɗan kasuwa mai zuwa Kwatano ya zo da sabon abu: waƙoƙin nan dai, amma a wani faifai na musamman, tare da na'urarsa. Uwa ɗaya ce mai cin faifan, da ƙananan lasifikoki biyar, da wani babban akwati mai gurnani. Biyu a gaba, ɗaya a tsakiya, biyu a bayan mai sauraro. Aka ce an sake tace sautin, an rarraba shi, kowane kiɗa da inda yake fitowa.

Ranar da ɗan kasuwan ya kunna a shagonsa ina tsaye kusa da Isuhu. Mutane na ta waige-waige, wani ya duba bayansa, wani ya duba rufi. Isuhu kaɗai bai waiga ba. Mai kunne ɗaya yana jin ƙara, amma ba ya gane daga inda ta taso. Ya dubi masu waigen nan ya daɗe, sa'annan ya tambayi kuɗin. Na ce masa, "Kai taubashi, kurma da kayan kiɗa? Ka sai wa Hajo keken ɗumki mana." Ya ce, "Ni ba ni jin abin ga, gaskiya ta. Amma in shina gidana, wanda yaj ji shi ba ni labari." Ya sayar da raguna biyu da yake kiwo ya kwaso kayan.

Daga nan fadarmu ta shiga uku. Mu zaman da'ira muka sani, kowa na ganin fuskar kowa, butar shayi ce a tsakiya. Wannan abu kuwa wuri ɗaya tak yake da shi da ake jinsa yadda ya kamata, tsakiyar zaure daidai, kuma mutum ɗaya kawai wurin ke ɗauka. Isuhu ya kori butar shayi zuwa bakin ƙofa, ya dasa wata kujerar ƙarfe mai saƙar roba a gurbinta. In ka shigo sai ya kama hannunka ya zaunar da kai, sauran jama'a su rakuɓe jikin bango. Shi kuma ya tsuguna a gabanka, ba na'urar yake kallo ba, fuskarka yake kallo. Waƙa na ƙarewa zai juyo maka da kunnen dama ya ce, "Mi kaj ji?"

Amsoshin da ya samu sun ishe mu dariyar shekara. Malam Garba, dattijon fadar, bai kai ƙarshen waƙar farko ba ya miƙe ya karkaɗe riga. Ya ce shi tun da yake bai taɓa ganin mawaƙin da ke yi wa mutum waƙa ta bayan ƙeya ba, mawaƙi gabanka yake tsayawa ka gan shi ya gan ka, wannan rashin kunya ne kawai aka sa wa wayar lantarki. Hamani, wani jandarma Bazabarme da aka turo aiki Ƙonni, da aka yi tafi a bayansa sai da ya zabura ya kai hannu ƙugu, alhali ko bindigar ba ya ɗauke da ita. Bayan ya huce ya ce abin ya yi, amma ba ya son jin an kewaye shi. Wani direba ya rantse cewa kaset ya fi daɗi, don kaset yana da ɗumi, wannan kuwa an wanke shi har ya yi salam. Wani malamin lakwal, wato makarantar boko, ya ce ya ji matar tana jan numfashi kafin ta fara baiti, har ya ji kunya kamar ya leƙa ɗakinta. Wannan amsa ta fi kowace yi wa Isuhu daɗi. Ya sa aka maimaita wurin, ya manna kunnen dama a lasifikar tsakiya, ya ce shi ma ya ji, ko da yake ban tabbata ba.

Ni ra'ayina bai canja ba har yau, ina tare da direba. Na gaya masa a lokacin cewa kiɗan da sai an kori shayi kafin a ji shi ba kiɗan mutane ba ne. Ya ce ai ni ko kunnuwa huɗu aka ba ni asara ce. Amma na lura da abu ɗaya. Isuhu ba ya gardama da amsar kowa. Wanda ya yaba da wanda ya kushe duk ɗaya ne a wurinsa, in dai za ka faɗa masa ta ina ganga ta fito, ta ina mata masu amshi suka shigo. Yana tattara bayanin mutane yana harhaɗawa, har ya zamana in baƙo ya zauna sai ya riƙa nuna masa da yatsa: yanzu za a buga ta nan, yanzu za ta zagayo ta can. Bai taɓa kuskure ba, kuma bai taɓa jin ko ɗaya ba.

Ciwon da ya ɗauke shi bai daɗe ba. Bayan sadakar arba'in aka zauna rabon gado, kuma a nan ne aka yi abin da har gobe nake jin zafinsa. Malamin da ya zo rabon ya ba da shawarar gaskiya, a sayar da na'urar dungum a raba abin da aka samu. Ba a samu mai saye ba, don wa zai sayi abin da faifai ɗaya kawai yake da shi a duk garin? 'Ya'yan kuma kowa na son wani abu na ubansa da zai riƙa gani. Sai suka yarda a tsakaninsu a lissafa ta a matsayin kaya shida. Na ce musu ba kaya shida ba ne, abu ɗaya ne. Aka dube ni da ladabi, aka tuna mini cewa taubashi ba ya cikin magada. Uwar na'urar da faifan suka rage ba mai so, babban ɗansa Sule ya ce in ajiye a wurina.

Hajo ba ta taɓa zama a kujerar nan ba. Zaure na maza ne, ita tana cikin gida, abin da ke isa gare ta ta bango gurnanin babban akwatin ne kawai, har kwanoninta na rawa a kan kantar ɗakinta. A rabo ta samu ƙaramar lasifika ɗaya, ta baya ta hagu, ta lulluɓe ta da ɗankwali ta ajiye. Bana, da azumi ya matso, ta aiko a kira ni. Bayan mun gaisa ta ce, "Yaya, abu guda nika so. Abin ga da yas sai da ragunanmu saboda shi, kowa ya ji shi ban da ni da shi. Ka tattaro min su ko na yini guda, in zamna in ji." Na ce mata wannan ai ƙaramin aiki ne.

Na fara da Sule a Malbaza, inda yake tuƙin motar siminti. Shi ya ɗauki biyun gaba. Na tarar ya ɗaure su da waya a cikin motarsa, ɗaya ta yage tana kukan kwaɗo, ɗayar kuma ya ce tun bara wani makanike ya ƙona ta. Ya yi ta ba ni haƙuri, ya cika mini leda da lemu. Ƙanensa, wanda ya samu babban akwatin, ya daɗe da sayar wa masu kiɗan biki, an ƙetara da shi Sakkwato, ba wanda ya san hannun da yake yanzu. Ta baya ta dama tana wurin 'yar Isuhu da ke aure a Illela. Na buga mata salula, ta ce ɗakin da lasifikar take ciki ya faɗi da ruwan damina, ba a fitar da komai ba sai tabarma.

Saura ta tsakiya, wadda muryar mawaƙiyar ke fitowa ta cikinta. Ita ce rabon Inna, mahaifiyar Isuhu, a Dogarawa. Na shiga taksi na tafi da ɗan sauran fatana. Inna ta tsufa ƙwarai, sai da na faɗi sunana sau biyu. Da na yi maganar lasifika ta ce, "Na ba masallaci. Liman na karatu da ita, tsohin baya na ji. Ladar tana iske ɗana." Na je masallacin na yi azahar, na gan ta an kafe a saman taga, muryar liman na fita tar. Ku gaya mini, da wane baki zan ce a ciro ta don a ji waƙar wata mata? Na yi wa Isuhu addu'a na fito.

A hanyar dawowa na yi ta tunanin abin da Isuhu zai ce da ya ga Ƙonni ta yau. Fadarmu ta watse. Malam Garba ya bi shi, an mayar da Hamani wani gari, malamin lakwal ya koma garinsu. Samarin da ke zama a ƙofar zauren yanzu kowa da salularsa, kowa ya toshe kunnuwansa biyu da waya, suna gyaɗa kai ba tare ba. Waƙar da ke ciki ta matse ta zama siririya, ba su damu ba. Ba na jin Isuhu zai yi musu faɗa, shi ba mai faɗa ba ne. Zai dai tsuguna a gaban ɗayansu ya tambaye shi me ya ji, yaron kuma ba zai ji tambayar ba. Ban ga alamar wannan zai gyaru ba, kuma na daina sa rai.

Da la'asar na ɗauki uwar na'urar na tafi gidan Hajo na gaya mata gaskiya. Ta ce a haɗa da wadda ke akwai. Muka yi sa'a akwai wuta. Na nemo kujerar ƙarfen a bayan rumbu, robarta duk ta tsinke, na shimfiɗa mata buhu a kai. Ta zauna a tsakiyar zauren, karon farko a rayuwarta. Na ajiye lasifikar a bayanta ta hagu, inda Isuhu ke ajiye ta, na kunna.

Ba ganga, ba mawaƙiya. Shiru ya yi tsawo har na ɗauka na'urar ta mutu. Can sai tafi ya taso, ya ɗauke. Sai muryoyin mata masu amshi suka shigo, suka amsa baiti ɗaya, suka tsaya. Shiru kuma, daidai tsawon abin da mai waƙar za ta faɗa, sa'annan suka sake amsawa. Haka aka yi ta yi har waƙar ta ƙare. Na kai hannu zan kashe, ta ce in bari. Ban san lokacin da na tsuguna a gabanta ba. Na ce, "Hajo, mi kinka ji?"

Ta gyara mayafinta ta ce, "Mata na ji suna amsawa, mai ba su waƙar ba shi nan. Su ma jira sukai."

In an tambaye ni abin da ya rage na Isuhu, ba zan ƙawata ba. Injin an sayar, zauren ya zama wurin ajiyar buhuna, waɗanda suka san tambayarsa ba mu fi a ƙirga da yatsu ba, kuma muna raguwa. Akwai lasifika ɗaya a Dogarawa da ke kai karatun liman ga tsofaffi, ina roƙon Allah ya kai masa ladar, ya jiƙansa, ya sa ya huta. Ɗayar tana Ƙonni. Na bar wa Hajo uwar na'urar da faifan, don ba ta bari na ɗauka ba. Maƙwabciyarta ta ce mini duk ranar da aka kawo wuta da la'asar tana jin tafin nan ta katanga.